ƘAFA ME NA CI BAN BA KI BA: Tsakanin Gudun Landan Da Gudun Potiskum

Kwana biyu kun ji ni shiru, ba wani abu ba ne illa hidimar gida da ta 'yan'uwa, wadda duk wanda ya daɗe a waje ya dawo ya san ba ta ƙarewa. Yau ina so mu tattauna a kan wani abu da na fara ɗaukarsa abin dariya, amma da na zauna na yi masa kallon tsanaki sai dariyar ta maƙale mini a wuya. Maganar gudu ce, gudun hukuma.

Abin da ya jawo maganar shi ne, wani dare bayan sallar isha'i muna zaune a teburin mai shayin unguwarmu a nan Potiskum, mu kamar goma sha biyu, yawanci samari, ana ta musun ƙwallo. Sai wata motar sintiri ta karyo kwana ta haske mu da fitila. Mai karatu, kafin in ajiye kofin da ke hannuna benci ya zama wayam. Wani ya bar takalminsa ƙafa ɗaya, wani ya bar wayarsa a caji, wani kuwa burodi da ƙwai ya bari ko gutsura bai yi ba. Cikin waɗanda suka arce har da ɗan yayata, yaron da na san ko sigari ba ya sha, daga makaranta sai shagon babansa. Ni kuwa na gyara zama ina ji da kaina, wai ni mai gaskiya ne kuma na san 'yancina. Masu kakin suka sauko suka dube ni, suka ga furfura da tabarau, suka gaishe ni sama-sama, sannan suka tasa ƙeyar yaron da ke taya mai shayin suya, wanda bai gudu ba saboda kaskon mai yana kan wuta. Bai dawo ba sai washegari da la'asar, bayan an yi karo-karo a unguwa. Ba a kai shi kotu ba, kuma har yau bai san laifin da ya yi ba.

Da ɗan yayar tawa ya shigo gida yana haki, na tare shi da faɗa. Na ce, "Kai yanzu me ka yi da za ka gudu? Ai mara gaskiya ne ko a ruwa yake gumi." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ai sai an kama ka ake tambayar me ka yi." Na buɗe baki zan ba shi amsa, na rasa ta cewa.

Bari in ɗan koma baya. Na yi shekara goma sha tara a Ingila, mafi yawansu a kudancin Landan, kuma Turancin da na koya a wurin aiki da cikin bas ya sha bamban da wanda aka koya mana a makaranta da bulala. Abin da na lura da shi tun da wuri shi ne, Bature yana da kalmomin gudu barkatai, kuma kusan dukkansu na raha ne. In yara suka fasa gilashin tagar wani suka ji jiniya, sai ɗaya ya ce "leg it", wato a ba ƙafa aikinta. In mutum ya ci abinci ko ya hau tasi ya sulale bai biya ba, sai a ce "he did a runner". Tsofaffin mutanen Landan suna cewa "scarper", kalmar da masana harshe ke dangantawa da wata kalmar Italiyanci mai nufin tserewa. Wanda kuɗin haya ya taru masa ya kwashe komatsansa cikin dare kafin mai gida ya farka, shi kuma ya yi "moonlight flit", wato ƙaurar farin wata. Amurkawa suna da tasu, "on the lam", wadda ake faɗa wa wanda hukuma ke nema yana ɓuya daga gari zuwa gari. Tun ƙarshen ƙarni na 19 take yawo a bakin 'yan sane da ɓarayinsu, kuma asalin kalmar duka ne, kamar a ce mutum yana dukan hanya da tafin ƙafa. Sai kuma wadda mu 'yan Nijeriya muka fi sani albarkacin manyanmu, "jump bail", wato a ba da belinka ka tsallake ka bar wanda ya tsaya maka a cikin ruwa. Har tsokanar juna suke yi da abin: Ingilishi ya kira tafiya ba sallama "French leave", ya ɗora wa Bafaranshe, shi kuma Bafaranshe a harshensa ya ce ai wannan tafiyar Ingilishi ce.

Kuma ba a baki kawai abin ya tsaya ba, suna da gwanayen gudu da suke ba da labarinsu kamar tatsuniya. Babbansu shi ne Ronnie Biggs, ɗaya daga cikin waɗanda suka tare jirgin ƙasan gidan waya a 1963 suka kwashe fam miliyan 2.6. An yanke masa shekara 30, ya haura katangar gidan yarin Wandsworth a 1965, ya ɓulla Ostireliya, daga nan ya zarce Barazil inda ya zauna yana ɗaukar hoto da 'yan yawon buɗe ido, har sai da tsufa da ciwo suka kayar da shi ya dawo da kansa a 2001. Abokan aikina Turawa in suna labarinsa har da tafa hannu. Amma ba kasafai ka ji sun ambaci direban jirgin ba, Jack Mills, wanda aka maka wa ƙarfe a ka a daren, bai sake samun cikakkiyar lafiya ba har ya rasu a 1970. Wannan ita ce illar kalmar raha: tana haska mai gudu, ta bar wanda aka cuta a duhu.

To da na dawo gida sai na ga ashe Bature bai fi mu ba a wannan fanni, mu ne ma muka fi shi. Mu a wurinmu mutum yana arcewa, yana fecewa, yana sulalewa, samarin yanzu kuma su ce ya ware. In gudun ya yi gudu sai a ce ya ari ta kare, ko ya ranta a na kare. In ana so a ƙara gishiri a ce ya cika wandonsa da iska, ko kuma ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. In aka neme shi sama da ƙasa aka rasa, to ya yi layar zana ko ya yi ɓatan dabo, hukuma kuma tana nemansa ruwa a jallo. In ya kuɓuta da ƙyar ya tsallake rijiya da baya. In kuwa aka yi ram da shi, sai mu ce dubunsa ta cika, domin mun yarda rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. 'Yan'uwanmu Yarbawa su ma sun ba ƙasar "japa", wadda ta tashi daga ma'anar tserewa ta koma barin ƙasar gaba ɗaya, har babban ƙamusun Oxford ya shigar da ita cikin kalmomin Turanci. Ni kaina in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu, ɗan japa ne tun kafin a raɗa wa abin suna.

Don haka ba dariyar ce ta dame ni ba, kowace al'umma tana yi wa mai gudu dariya. Abin da ya dame ni shi ne wa ke gudun. Wannan ne ya sa da safe na tafi wurin Baffana, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa da girmansa a kasuwar hatsi ta garin nan, na kai masa ƙarar yaron. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗan nan, kai ba ka nan aka yi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake. Ka bar yaro ya ji da abin da ya gani."

Gaskiyar Baffa ce, ba na nan. Ina can ina ji a rediyo ina buga waya, wani lokacin wayar ma ba ta shiga. Potiskum na cikin ƙananan hukumomi 15 da Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa dokar ta-ɓaci ranar 31 ga Disamba, 2011. A watan Mayun 2013 aka faɗaɗa dokar ta game Borno da Yobe da Adamawa, aka kuma katse layukan waya. A Yulin wannan shekarar 'yan Boko Haram suka shiga makarantar Mamudo, nan kusa da mu, suka kashe mutum 42, yawancinsu ɗalibai. Ranar 10 ga Nuwamba, 2014, ɗan ƙunar baƙin wake ya shiga cikin yara a filin taron safe na makarantar kimiyya ta garin nan ya kashe fiye da 40. Wannan ɓangare ɗaya ke nan. Ɗaya ɓangaren kuma shi ne kamen da ya biyo baya. A watan Yunin 2015 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto inda ta ce fiye da mutum 7,000 ne suka mutu a tsare a hannun soja daga 2011, ta kuma ambaci wuraren tsare mutane a Maiduguri da Damaturu da Potiskum. Rundunar soja ta musanta rahoton a lokacin. Amma uwar da aka fita da ɗanta da asuba bai dawo ba, ba rahoto take jira ba.

Ɗan yayata yana ɗan shekara tara ko goma a wancan lokacin. Abin da ya koya a shekarun da yaro ke koyon duniya shi ne, in ka ji ƙarar mota da daddare ba ka tsayawa tambaya. Ni na zo da furfurata da Turancina ina yi masa wa'azin gaskiya. Hausawa sun ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi.

Kuma da zan yi wa kaina adalci, ko a Ingilar da nake taƙama da ita ba kowa ne ke tsayawa ba. Tsofaffin baƙaƙen fata 'yan asalin Jamaika da na yi aiki da su sun sha ba ni labarin dokar da suke kira "sus", wadda ta samo asali daga wata dokar 1824, da ta ba ɗan sanda damar kama ka don kawai yana zargin kana shirin aikata laifi. Samarinsu gudu suke yi in sun hango ɗan sanda, da laifi ko babu. Sai da unguwar Brixton ta kama da wuta a Afrilun 1981 sannan aka soke dokar a wannan shekarar. A Amurka kuma Kotun Ƙoli ta yanke a 2000 cewa gudu da ganin 'yan sanda a unguwar da ake yawan laifi ya isa dalilin tsayar da mutum a bincike shi. Amma a 2016 babbar kotun jihar Massachusetts ta ce baƙar fatan da ya guje wa 'yan sanda a birnin Boston ba lallai ne mai laifi ba, yana iya yiwuwa wulaƙancin tsayarwa ba dalili yake gudu. Wato alƙalan can sai da suka yi shekaru kafin su gane abin da ɗan yayata ya gaya mini a jumla ɗaya.

A tarihinmu ma mun san gudu ba iri ɗaya ba ne. A Fabrairun 1804 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bar Degel ya guje wa Sarkin Gobir Yunfa, kuma garin da ya sauka sunansa ma Gudu, amma ba wanda ya kira abin gudu, hijira muke cewa. A Maris na 1903 da Turawa suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya nufi gabas jama'a na bin sa. A takardun Turawa shi ɗan gudun hukuma ne da ake farauta. Suka cim masa a Burmi, kusa da Bajoga a kan hanyarmu ta zuwa Gombe, suka kashe shi ranar 27 ga Yuli, 1903, ragowar jama'arsa suka wuce Sudan inda suka kafa garin Mai Wurno. Har yau ba Bahaushen da zai ce Attahiru ya ari ta kare. Ashe kalmar da muke zaɓa ita ce hukuncin da muka yanke wa mai gudun, da wanda ya koro shi.

To a nan ne nake da ƙorafi da mu kanmu, domin yadda muke rabon kalmomin nan a yau babu adalci a ciki. Duba dai yadda muke magana in babban mutum ne ya gudu. Diepreye Alamieyeseigha yana gwamnan Bayelsa aka kama shi a Landan a Satumban 2005 bisa zargin halasta kuɗin haram, aka ba da belinsa, a Nuwamba sai ga shi a Yenagoa jama'a na yi masa maraba. Ina Landan a lokacin, kuma ba zan manta irin tsiyar da aka yi mana a wurin aiki ba, domin jaridu sun ruwaito wai shigar mata ya yi, abin da shi ya musanta. An tsige shi a Disamba, ya amsa laifinsa a kotu a 2007, aka yi masa afuwa a 2013. Kafinsa Joshua Dariye na Filato ya tsallake beli a Landan a 2004. Sai a 2018 aka ɗaure shi, aka yi masa afuwa a 2022. James Ibori na Delta ya tsere Dubai a 2010, aka miƙa shi Ingila, kotu ta yanke masa shekara 13 a 2012, da ya dawo gida a 2017 aka tarbe shi da kaɗe-kaɗe. Kada mu ce na Kudu ne kawai. Abdulrasheed Maina, mutumin Biu, maƙwabcinmu ne. An ba shi amanar gyara harkar fanshon tsofaffi, aka gurfanar da shi, aka ba da belinsa, ya tsallaka Nijar a 2020. Sanata Ali Ndume da ya tsaya masa a kan naira miliyan 500 sai da ya kwana a gidan yarin Kuje a dalilinsa. Aka kamo shi a Yamai, aka yanke masa shekara 8 a Nuwamban 2021.

Mai karatu, ka taɓa jin an ce wani daga cikin irin waɗannan ya cika wandonsa da iska? A'a. Babban mutum ba ya gudu a bakinmu. Shi fita waje yake yi ganin likita, ko ya tafi Umara, ko yana hutawa, ko kuma ana yi masa bi-ta-da-ƙulli ne saboda siyasa. Kare da iska na yaron da ya saci waya ne. Shi ɓarawon biro ko kalmar gudun ma mun ɗauke masa, kamar yadda ake ɗauke wa babban baƙo takalmi. Alhali a majalisun karatu mun sha jin labarin matar nan 'yar babban gida daga Banu Makhzum da ta yi sata aka nemi a yi mata alfarma, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi, ya kuma yi gargaɗi cewa irin wannan bambanci tsakanin babba da mai rauni shi ya halaka al'ummomin da suka gabata. Mun haddace labarin, amma harshenmu bai bi shi ba.

Ita ma hukuma tana da nata tarihin na ƙin bin ƙa'ida in tana neman mai gudu. Alhaji Umaru Dikko, ministan sufuri a gwamnatin Shagari, ya tsere Landan bayan juyin mulkin 31 ga Disamba, 1983. Ranar 5 ga Yuli, 1984 aka sace shi a ƙofar gidansa, aka yi masa allurar barci aka sa shi cikin akwati, jami'an kwastan na filin jirgin Stansted suka buɗe akwatin kafin a loda shi a jirgin da zai taho Legas. Gwamnatin soja ta lokacin ta ce ba hannunta a ciki. Ko ma dai wa ya shirya, darasin da talaka ya ɗauka shi ne, babba ba ya tsayawa shari'a, mai nemansa ma ba ya bin shari'a. To shi yaron mai shayi a ina zai koyi cewa doka abin dogaro ce?

Na san wani zai ce, malam, kana ba masu laifi mafaka ne. Ai akwai masu ƙwacen waya na gaske, akwai dillalan ƙwaya, akwai ɓarayin shanu, kuma su ma in sun ga mota gudu suke yi. Haka ne, kuma ban ce a daina sintiri ba. Ban manta ba cewa jami'an tsaro da yawa sun bar rayukansu a garin nan da kan hanyar Damaturu a shekarun fitina, su ma 'ya'yan wasu ne, kuma da yawansu suna aiki da ƙaramin albashi. Hasali ma hujjata tana taimakonsu ne. In mai gaskiya da mara gaskiya duk suka watse lokaci ɗaya, ta yaya jami'i zai bambance su? Ɓarawo ba shi da mafakar da ta fi taron masu gaskiya da ke gudu tare da shi. Ranar da mai gaskiya ya samu natsuwar zama a kan bencinsa, ranar ce gudun ɓarawo zai zama shaida a kansa.

Sannan gudun kansa ba tsira ba ne. Mai gudu da daddare yana iya shan harsashi. In ya kuɓuta daga wannan, wani ya hango shi ya ɗaga murya ya ce "ɓarawo!", to an yi gudun gara an faɗa gidan zago, domin kotun titi ba ta da beli ba ta da ɗaukaka ƙara. Mu mutanen Potiskum mun fi kowa sanin ƙarshen wannan hanya. Ranar Laraba 2 ga Mayu, 2012, kamar yadda jaridu suka ruwaito, 'yan bindiga suka zo fashi a kasuwar shanu, 'yan kasuwa suka yi musu tara-tara, sauran suka tsere, aka kama ɗaya aka ƙona shi da ransa. Da dare suka dawo da bindigogi da abubuwan fashewa suka banka wa kasuwar wuta. Aƙalla mutum 34 aka kashe, ban da dabbobin da suka ƙone. Ba ina ɗora wa waɗanda aka kashe laifi ba ne, Allah Ya ji ƙansu, masu kisan su ne azzalumai. Amma wutar da aka kunna da rana ba ta kare kowa ba da dare. Kuma a Maris na 2025 da aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo suna kan hanyarsu ta komawa Kano yin sallah, duk mun yi kuka mun ce ina shari'a. To shari'ar da muke nema wa namu a Uromi ita ce ya kamata mu ba baƙon da aka yi wa ihu a tashar motarmu.

Abin takaicin shi ne, a takarda dokokinmu ba su da laifi. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma mara laifi ne har sai kotu ta tabbatar. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 duk sun haramta kama wani a madadin wani, wato a rasa ɗa a tafi da uba. Dokar ta 2015 ta kuma ɗora wa majistare ya riƙa zagaya wuraren tsare mutane duk wata ya ga su wa ke bayan kanta. Beli a caji ofis kyauta ne, har a bango ake rubutawa. Akwai kuma Hukumar Ba Da Agajin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976 don wanda ba shi da kuɗin lauya. Amma duk da haka kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarinmu jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. An canza wa gidajen suna a 2019 sun koma na gyaran hali, amma jiran bai canza ba. Yaron da ke gudu bai karanta alƙaluman nan ba, amma ya san wani a unguwarsu da ya shiga don ƙaramin abu ya shekara biyu.

Don haka ga ra'ayina. Mu fara da abin da ke hannunmu, wato bakinmu. Wanda ya tsallake beli ya gudu, a ce ya gudu, ko da ya taɓa gina mana masallaci, kuma kada mu je filin jirgi tarbarsa. Yaron da aka ga yana gudu kuma kada a yanke masa hukunci da ihu kafin a san abin da ya koro shi. Bayan haka, in an kama yaro a unguwa, kada a bar uwarsa ita kaɗai tana bin gida-gida neman rance. Mai unguwa da liman da dattawa biyu su tafi tare da rana tsaka, su yi sallama cikin mutunci su tambayi laifinsa: in yana da laifi a kai shi kotu, in ba shi da shi a sake shi. Ba na faɗar wannan da bakin tsarki ba, domin ni ma na sa kuɗina a karo-karon yaron mai shayi, kuma na san duk naira da muka bayar a daren mun ƙara wa motar nan mai ne ta dawo. Sannan lauyoyinmu 'yan asalin garin nan da malaman makaranta su riƙa bayyana wa jama'a waɗannan dokoki da Hausa, da Bolanci da Karekare da Ngizimanci, a rediyo da majalisu, domin haƙƙin da mutum bai san yana da shi ba daidai yake da babu.

Shi kuwa ɗan yayata, bayan kwana biyu na kira shi na ba shi haƙuri a kan faɗan da na yi masa. Ya yi mamaki ƙwarai, don a gidanmu kawu ba ya ba ɗa haƙuri. Ya ce, "To Kawu, in sun sake zuwa in tsaya ke nan?" Na ce masa ya riƙa yawo da katin makarantarsa, ya haddace lambar wayata, in ina wurin ya zauna kusa da ni kada ya motsa. Ya ce, "In kuma ba ka nan fa?" Na ce ya dawo gida da wuri. Na san ba amsa ba ce, domin yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai bai kamata sai da furfurar kawunsa zai sha shayi a ƙofar gidansu ba. Amma ita ce gaskiyar da nake da ita a yanzu, kuma ba zan yi masa ƙarya don in kare abin da na koyo a Landan ba.

Shi dai mai takalmi ƙafa ɗaya ya dawo ya ɗauki abinsa da safe, ana ta yi masa dariya wai ya ranta a na kare har ya bar jingina. Ni ma na yi dariyar, amma ba kamar da ba.

Allah Ya ba mu shugabanni adalai, Ya kare mana 'ya'yanmu, Ya zaunar da garinmu da ƙasarmu lafiya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah Ya kai mu. Wassalam.